Yadda Na Fara Sassaƙar Ƙwarya Bayan Ƙafata Ta Daina Ɗaukata

Ni magini ne, ɗan magini. Tun ban kai in ɗaga bulo ni kaɗai ba nake bin mahaifina wurin aiki, ina miƙa ruwa, ina riƙe bakin igiya idan zai fitar da layi. Karatuna bai yi nisa ba, kuma hakan bai taɓa damuna ba, domin kafin in yi aure na riga na zama wanda ake damƙa wa gini tun daga tushe har rufi. In fita da sassafe, in dawo da yamma jikina duk siminti, yara su rugo su tarye ni. Da ƙarfin jikina na san kaina, da shi kuma mutane suka san ni.

Ina da shekara arba'in da 'yan kai na faɗo daga kan katakon gini. Ƙashin ƙuguna ya karye, cinyar hagu ma ta karye. An yi mini aiki, an sa ƙarfe, likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, har gobe ina yi musu addu'a. Amma ranar da likita ya zaunar da ni ya ce in cire rai da hawa gini da ɗaukar nauyi, har doguwar tsayuwa ma in haƙura da ita, sai na riƙa gyaɗa kai kawai. Maganar ba ta shige ni ba sai da na koma gida.

Da farko gidan cike yake da masu dubiya. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke, kuma ban ga laifin kowa ba, kowa da abin da ke gabansa. Abin da muka tara ya tafi a magani. Matata ta fara karɓar ɗinki, tana kwana a kan keke. Idan suna lissafin kuɗin makaranta ita da babbar 'yarmu, sai su rage murya don kada in ji. Wannan rage muryar ya fi karayar ciwo a wurina. Na zama mai saurin fushi, yaro ya yi dariya da ƙarfi in daka masa tsawa, bayan nan in juya fuska bango ina hawaye. Barci ya ƙaurace mini. Akwai daren da na riƙa tambayar kaina ko akwai sauran amfanina a gidan nan, ko kuwa nauyi kawai na zama. Ina faɗin wannan a fili ne saboda na san akwai maza da yawa da ke kwance a wannan hali, kuma ba sa gaya wa kowa.

A wurin gashin ƙashi na haɗu da dattijon da ya zama malamina. Shi ba majinyaci ba ne, matarsa yake kawowa, ya zauna a benci yana jiranta. Kullum akwai 'yar jaka a gefensa, da tsumma a kan cinyarsa, da ƙaramar gora a hannu yana ta juya ta. Na daɗe ina kallonsa daga nesa. Ran nan dai na matsa da sandata na gaishe shi, na ce, “Baba, sannu da aiki.” Ya amsa, bai ce komai ba ya miƙo mini gorar.

Ba zan manta da abin da na gani ba. Bayanta ruwan ƙasa ne mai sheƙi, amma duk inda wuƙa ta bi ya fito fari tas. Ya zagaye wuyanta da layi biyu, tsakaninsu ƙananan kusurwoyi a jere, kowace ta yi daidai da 'yar'uwarta, kuma inda zagayen ya haɗu ba za ka iya nuna mafari ba. Idona na magini ne, nan da nan ya tafi wurin haɗuwar, na juya na juya ban same ta ba. Ya lura da abin da nake nema, ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, wace sana'a kake yi?” Na ce da dai gini nake yi. Ya ce, “Ashe ka san layi. Wanda ya san layi ai ya yi rabin tafiya.” Tun da na faɗi, ban ji wanda ya yi mini maganar abin da na iya ba sai shi. Kowa maganar abin da ba zan ƙara iyawa ba yake yi.

Zuwanmu na gaba ya kawo mini duma a buhu. Na buɗe da ɗoki, sai na tarar da wasu abubuwa baƙaƙe, duk fumfuna ta rufe su, fatarsu tana ɓarewa. Na zaci ruɓaɓɓu ne. Ya ce in girgiza ɗaya. Na girgiza, na ji 'ya'yan suna ƙara a ciki, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya ce wannan ita ce alamar ta bushe. Ya danna ta da babban yatsa ta ko'ina, ya ce duk wadda ta lotsa ko ta yi laushi a yar da ita, amma baƙin da ke bayanta ba komai ba ne, ruwan cikinta ne ya riƙa fita ta fata har fumfuna ta samu wurin zama. Sannan ya ce ba zai ba ni wuƙa ba sai na wanke su duka.

Ban ji daɗin wannan ba a lokacin, amma yau da shi nake fara wa duk wanda ya zo wurina. Ana jiƙa duma a ruwa mai ɗumi, kuma da yake ba ya nitsewa, sai a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma ko a danne shi da wani abu har fatar ta yi laushi. Daga nan a kankare da soson ƙarfe ko bayan wuƙa. Na zauna a tsakar gida da baho a gabana, ƙafar a miƙe a kan kujera, ina kankara. Baƙin yana tafiya, launi mai kyau yana fitowa daga ƙasa, wani wurin ma fumfunar ta bar nata zane da babu mai iya kwaikwayonsa. A daren nan na yi barci irin wanda na daɗe ban yi ba, saboda kafaɗuna sun gaji da gajiyar aiki. Da safe ƙaramin ɗana ya tambaye ni ko yau ma zan yi aiki. Kalmar da ya yi amfani da ita ke nan, aiki.

Bayan sun sake bushewa a inuwa sai yanka. Ana zana layin da fensir, a huda ƙaramar kafa da bakin wuƙa, a sa siririn zarto a bi layin a hankali. Ciki kuwa akwai 'ya'ya da busasshen ɓargo da za a kwashe, a kankare da cokali, a goge da sanfefa. A nan ne Baba ya ja mini kunne da gaske. Ƙurar cikin duma ba abin wasa ba ce. Tana da laushi, tana tashi sama, tana ɗauke da fumfuna, kuma idan ta taɓa leɓenka za ka ji ɗaci har maƙogwaro. Shi kansa yana fama da tari wanda ba ya rabuwa da shi, ya ce a zamanin da ya koya babu wanda ya san a rufe hanci. Ya sa na yi masa alkawari ba zan buɗe duma a cikin ɗaki ba, ba kuma zan yi ba tare da takunkumi mai kama fuska sosai ba, kuma yara su yi nisa. Na riƙe wannan alkawari. Idan na ga wani yana kankarar ciki fuska a buɗe, raina ɓaci yake yi, don na ga yadda tarin ya yi da dattijon nan.

Kayan aikin da na fara da su ba su taka kara sun karya ba. Ƙusa ce babba aka daddale bakinta aka wasa, da guntun tsohon zarton ƙarfe da aka fitar wa baki mai tsini, kowanne aka sa masa ƙotar itace. Sai dutsen washi, da fensir, da zare. Masu hali suna sayen ƙaramin injin hannu mai juyawa irin na kamfanin Dremel, kuma yana sauƙaƙa aiki, amma ra'ayina shi ne kada mai koyo ya fara da shi. Inji yana cin duma kafin hannu ya gane abin da yake ci, ga kuma ƙurar da yake tayarwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake riƙo. Ina tsammanin wuƙa ake turawa. Baba ya ce a'a, wuƙa tana nan kusan wuri ɗaya, ƙwaryar ce ake juyowa ta zo ta same ta. A ɗora ta a cinya a kan tsumma don kada ta zame, hannun da ke riƙe da ita ya kasance a bayan kaifi koyaushe, ba a gabansa ba. Dalili kuwa shi ne bayan duma yana da wata siririyar fata mai tauri da santsi kamar tangaran, ƙarƙashinta kuma nama ne mai laushi. Idan ka danna da ƙarfi don ka fasa taurin, da zarar wuƙa ta shiga laushin sai ta ƙwace ta tafi inda ba ka aike ta ba. Saboda haka ana fara jan layi marar zurfi, a sake bi ta kansa, a sake bi, har ya kai yadda ake so. Ni da na saba da guduma da ƙarfin dantse, wannan sassauta hannun ya ɗauke ni lokaci mai tsawo. Na sha jin kamar in jefar da komai. Abin da ya hana ni shi ne na san ranar gashi Baba zai tambaye ni, kuma ina jin nauyin in je masa hannu biyu.

Inda ginina ya yi mini rana shi ne rabon fili. Duma ba shi da gefen da ya miƙe, kuma babu guda biyu masu kama ɗaya, don haka ma'aunin katako ba ya aiki a kansa. Zare ake zagayawa a cikinsa a yanke daidai, a ninka biyu, a sake ninkawa, a sa alama a kowane ninki, sannan a mayar da zaren a jikin duman a ɗiga fensir a kan alamomin. Ga fili ya rabu huɗu daidai wa daida, ko takwas idan an ƙara ninki ɗaya. Layin da ke zagaye kuwa, a ajiye duman a kan tebur, a ɗora fensir a kan littattafai daidai tsayin da ake so, a riƙe shi, a juya duman. Ranar da na nuna wa Baba wannan dabarar ta fensir, wadda na ɗauko daga yadda muke fitar da lebur a gini, ya yi dariya ya ce, “Kai ɗana, yau kuma ni ne ɗalibi.” Na dawo gida ina jin wani abu a ƙirjina da na manta da irinsa.

Ya hana ni zanen tsuntsu ko fure har sai hannuna ya zauna. Layi kawai, sai kusurwa, sai saƙa, a kan fasassun ɓarayin ƙwarya da babu asara idan sun lalace. Daga baya ya koya mini kankare bayan zane, wato a bar siffar da launinta a cire fatar da ke kewaye da ita, sai ta fito a kan fari. Wannan yana son duma mai kauri, domin marar kauri da ka ɗan zurfafa sai ka huda. Idan kuma tsaga ta fito, ba a yar da ƙwarya. Ana huda 'yar ƙaramar kafa a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a kwaɓa garin duman da gam na katako a cike, idan ya bushe a goge. Sai zanen wuta, da ƙarfe mai zafi, wanda ke ba da baƙi da ruwan ƙasa gwargwadon daɗewar ƙarfen a wuri. A ƙarshe a shafa kakin zuma a murza da tsumma. Ƙwaryar da aka yi wa fenti ko man ƙyalli ta ado ce kawai, ina gaya wa duk mai saye kada ya zuba abin da zai shiga baki a cikinta.

Babbar 'yata ce ta buɗe mini ido a kan girman wannan sana'a. Wata rana ta zo da wayarta ta ce, “Baba, dubi 'yan'uwanka.” Mutanen ƙasar Peru ne, a ƙauyukan Cochas kusa da birnin Huancayo, suna zaune da duma a cinya yadda nake zama, suna zana labarin rayuwarsu gaba ɗaya a jikinsa, mutane da dabbobi da gonaki. Wasunsu da bakin itace mai garwashi suke ƙona launi, suna hurawa da baki don su ƙara ko su rage zafi. Ta karanta mini cewa a wani tsohon wuri da ake kira Huaca Prieta a gaɓar tekun ƙasar, wani mai binciken tarihi Ba'amurke, Junius Bird, ya fara tono a 1946, ya samo sassaƙaƙƙun duma da suka haura shekara 4,000. Ta nuna mini na birnin Lanzhou a ƙasar Sin, inda suke zane da allura a kan duma mai girman ƙwai, su shafa tawada ta shiga layukan. Ta ce asalin shukar daga Afirka take, kuma wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa a kan ruwan teku ta yi iyo har ta kai nahiyar Amurka, inda mutane suke amfani da ita tun wajen shekara 10,000 da suka wuce. Har lokacin, a can ƙasan zuciyata, ina ɗaukar abin da nake yi a matsayin aikin wanda ya rasa abin yi. Daga ranar na daina ɓoye kayana idan baƙo ya yi sallama.

Maganar kuɗi kuma gara in faɗi gaskiya, don kada wani ya shiga da zaton da ba shi ba. Na daɗe ƙwarai ban sayar da ko ɗaya ba. Na farkon kyauta na bayar, kuma da yawansu ba su kai a saya ba. Ciniki na farko ya zo ne ta hannun wata mai kawo wa matata ɗinki, ta ga wata ƙwarya a kan taga ta tambaya. Kuɗin ba su da yawa. Na miƙa wa matata, ta ƙi karɓa, ta ce, “Maigida, kai za ka ba yaran da hannunka gobe in za su makaranta.” Ta san abin da take yi. Har yau sassaƙa ba ta kai abin da gini yake kawo mini ba, kuma ɗinkinta ne ginshiƙin gidan. Amma ina sa nawa a ciki, kuma yanzu ba a rage murya idan ana lissafi, da ni ake yi.

Da na ga samun duma mai kauri yana wahala, sai na fara shukawa a jikin katanga. Yana son rana da lokaci, wajen wata huɗu zuwa biyar kafin ya ƙosa. Furensa fari ne, da yamma yake buɗewa. Babban abin shi ne kada a yi gaggawar cira: a bar shi a jikin yaɗo har sai mariƙinsa ya bushe ya koma ruwan ƙasa, domin wanda aka cira ɗanye yakan yanƙwane ko ya ruɓe. Bayan cira a ajiye inda iska ke ratsawa, kada su taɓa juna, a riƙa juya su. Ƙanana sukan bushe cikin makonni, manya kuwa sai su ci watanni.

Baba ya rasu bayan tarin ya yi masa tsanani. Allah ya jiƙansa, ya sa abin da ya koya mini ya zama sadaka mai gudana a gare shi. 'Ya'yansa sun kawo mini jakarsa, suka ce shi ya bar wasiyya a ba ni. Na yi kuka ranar fiye da yadda na yi ranar da na faɗi. Bai taɓa karɓar ko sisi a hannuna ba, bai kuma taɓa yi mini magana da muryar tausayi ba. Idan layi ya karkace, cewa yake ya karkace, sake.

Ƙafar tana nan yadda take. Lokacin sanyi takan hana ni barci, kuma ba na iya zama na dogon lokaci sai na tashi na ɗan taka. Akwai ranakun da baƙin cikin yakan dawo, musamman idan na wuce inda ake gini na ji ƙarar cebur. Na koyi in gaya wa matata idan ya zo, maimakon in huce a kan yara. Duk wanda irin tunanin da na yi a wancan daren yake zo masa, ina roƙonsa ya faɗa wa wani na kusa da shi ko likita, kada ya riƙe shi kaɗai.

Yanzu akwai samari biyu da ke zuwa wurina koyo, ɗaya a kan keken guragu yake, a wurin gashin muka haɗu. Ɗayan yana da saurin hannu, har ya fi ni iya zanen dabbobi, sai dai rabon fili yana ba shi wuya, muna kan zaren har yanzu. Ni kuma bana ina so in gwada sassaƙa mai huji, irin wadda ake sa fitila a ciki haske ya fito ta zanen. Baba bai yi irinta ba, don haka daga hotunan da 'yata ke samo mini nake ɗauka. Ta ce a sa ƙwan lantarki marar zafi, ba kyandir ba, tunda busasshen duma ba ya wasa da wuta. Na ware manya guda uku daga amfanin bana don wannan aikin, kuma biyu daga ciki 'ya'yansu sun fara ƙara idan an girgiza.